KURI'AR KANSILA DA TIKITIN KASUWA

Matanin laccar da aka gabatar a Badagishiri gaban ƴan kasuwa da ma'aikata na gundumomin Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni, a kan zaɓen magadan gari da kansiloli a Jamhuriyar Nijar.

 

Maganar yau ta shafi zaɓen da ya fi kowane zaɓe kusa da talaka, wanda kuma ya fi kowanne shan wahala a tarihin ƙasar nan, wato zaɓen ƙananan hukumomi, waɗanda jama'a suka saba kira komin. Duk ranar da kasuwar Badagishiri ta ci, akwai mai karɓar kuɗi da ke zagaya rumfuna yana yaga tikiti. A kara, duk dabbar da aka yi cinikinta akwai abin da ake biya a kanta. Haka a tasha, haka a mahauta. Waɗannan kuɗi asusun komin suke shiga, kuma a tsarin da aka kafa a 2004 majalisar kansiloli ce ke yanke abin da za a yi da su. Ke nan mutumin da ya jefa kuri'ar kansila ya zaɓi wanda zai riƙe masa kuɗin da ya fito daga aljihunsa a kasuwar garinsu. Babu wata kuri'a da mai ita yake iya bin sawunta da ƙafarsa kamar wannan. Abin tambaya shi ne, me ya sa aka daɗe ana jefa ta ido na kallon Yamai maimakon kallon kasuwa?

Daga mulkin kumandan zuwa komin

Zaɓen magajin gari ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun a 1956, Faransawa suna nan, aka zaɓi Jibo Bakari magajin garin Yamai. Amma wannan abu ne na birni. Mutumin karkara, daga zamanin Turawa har bayan samun mulkin kai a 1960, kumandan ya sani, daga baya suparefe, wanda ake turowa daga sama, a ɗauke shi daga sama, ba tare da an shawarci kowa ba. Dokar 1964 ta raba ƙasa jihohi da gundumomi, sai dai iko ya ci gaba da zama a hannun wakilin gwamnati. Bayan juyin mulkin Seini Kunce na 15 ga Afrilu 1974, samariya da ƙungiyoyin manoma ne suka zama hanyar da hukuma ke jin ta bakin jama'a, ba akwatin zaɓe ba.

Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 shi ya share fagen zaɓen jam'iyyu barkatai, kuma tsarin mulkin da aka amince da shi a Disamba 1992 ya tanadi a sakar wa ƙananan hukumomi mara, jama'a su zaɓi masu tafiyar da su. Yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa ta ƙara jaddada wannan alkawari, domin ɗaya daga cikin koke-koken masu tawayen shi ne ana yanke hukunci kan yankunansu daga nesa. Alkawari dai ya shiga takarda. Cika shi ne ya ɗauki fiye da shekara goma.

Darasin 1999

Ranar 7 ga Fabrairu 1999, a zamanin shugaba Ibrahim Bare Mainasara, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko tun dawowar jam'iyyu. Da sakamako ya fara fitowa, aka ga jam'iyyun adawa ne a gaba a wurare da yawa. Sai aka afka wa wasu cibiyoyin tattara sakamako, aka lalata takardu. A farkon Afrilu Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a mazaɓu masu yawa, ta ce a sake. Ƙasa ta ɗauki zafi, ƴan adawa suka nemi shugaban ya sauka. Ranar 9 ga Afrilu 1999 dogaransa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. Majalisun da aka zaɓa ba su taɓa zama ba ko sau ɗaya.

Wannan labari yana da ɗaci, amma akwai abin lura a cikinsa. Ba a kan rijiyar wani ƙauye ko rumfunan wata kasuwa aka yi wancan rikici ba. Ɓangarorin biyu duka sun ɗauki zaɓen a matsayin sikelin da zai nuna wa duniya wane ne ke da jama'a bayan zaɓen shugaban ƙasa na 1996 da aka yi ta gardama a kansa. Tun daga ranar farko, an ɗora wa kuri'ar kansila kayan da ba nata ba.

Sai a zamanin shugaba Tanja Mamadu aka koma kan maganar. Dokokin 11 ga Yuni 2002 suka kafa komin 265, 52 na birni, 213 na karkara, akasari bisa iyakokin ƙasashen sarakuna. A nan ne Badagishiri ta zama komin mai cin gashin kanta a cikin gundumar Illela. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli 3,747 a faɗin ƙasa. Wannan ne karo na farko da majalisar komin da manomin Adar ya zaɓa ta zauna kan kuɗin harajinsa. Nijar ba ita kaɗai ke kan wannan hanya ba a lokacin: Mali ta zaɓi majalisun karkara a 1999, Benin a ƙarshen 2002, Burkina Faso a 2006.

Yadda ake samun magajin gari

Akwai abin da mutane da yawa suka jefa kuri'a sau da sau ba su fahimta ba. A tsarin da Nijar ta bi har zuwa 2024, jama'a ba su zaɓen magajin gari kai tsaye. Abin da mai zaɓe ke dangwala wa shi ne jerin sunaye na jam'iyya, ko na ƴan takara masu zaman kansu. Ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Bayan nan kansilolin su taru su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Kundin dokar ƙananan hukumomi na 17 ga Satumba 2010 ya sa wa'adin shekara biyar, ya ce ƙaramar komin tana da kansila 11, ana ƙarawa gwargwadon yawan jama'a, kuma wanda zai zama magajin gari sai yana da aƙalla takardar BEPC. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama a majalisar, suna ba da shawara, amma ba su da kuri'a. Dokar kason mata ta 2000 ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka kai 15 a 2014, aka kai 25 a 2019.

Wannan tsari yana da amfani, domin ƙaramar jam'iyya ma tana samun bakin magana. Yana kuma da haɗari iri biyu. Na farko, tsakanin ranar zaɓe da ranar naɗa magajin gari akwai makonni na ciniki, inda jam'iyyu ke ƙulla ƙawance, wani lokaci bisa umarnin da ya zo daga Yamai, har jam'iyyar da ta fi kowa ƙuri'u ta wayi gari ba ta da kujerar. Na biyu, hannun da ya ɗora shi ke iya saukewa: kansiloli suna da ikon tsige magajin gari da kuri'ar yanke ƙauna. Magajin garin da ya san haka yakan fi damuwa da faranta ran kansiloli goma sha wani abu fiye da jama'a dubu ɗari. Komin Badagishiri kuwa, bisa ƙidayar 2012, ta haura mutum dubu ɗari.

Sikelin jam'iyyu

A dubi kwanakin da aka yi waɗannan zaɓuɓɓuka. Na 24 ga Yuli 2004 ya zo wata huɗu kafin zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba. Na 11 ga Janairu 2011 ya zo kwana ashirin kafin na shugaban ƙasa na 31 ga Janairu. Na 13 ga Disamba 2020 ya zo mako biyu kafin na 27 ga Disamba. A kowane karo, jam'iyyu sun shiga zaɓen komin kamar ɗan kokowa da ke gwada ƙarfinsa kafin babbar karawa. Hoton da ke jikin bango na jagoran jam'iyya ne, waƙar da ke tashi a lasifika tasa ce, kuma washegari lissafin da ake yi a rediyo shi ne jimillar kujerun kowace jam'iyya a ƙasa baki ɗaya. Da wuya a ji an tambayi ɗan takara nawa kasuwa ke tarawa a mako, ko me zai yi da shi.

A jihar Tawa abin yana da wata fuska. Kowa ya san wannan yanki ya kasance cibiyar ƙarfin PNDS Tarayya, kasancewar Mahamadu Isufu, wanda ya shugabanci ƙasa daga 2011 zuwa 2021, ɗan Dandaji ne a gundumar Illela, kamar yadda Damagaram ta kasance ga CDS Rahama a zamaninta. Duk inda jam'iyya ɗaya ta yi irin wannan rinjaye, ko wace ce ita, zaɓe na gaskiya yana faruwa ne ranar da ake rubuta jerin sunaye a cikin gida. Wanda sunansa ya hau sama ya riga ya ci. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kansilan da ya san wanda ya sa sunansa a jeri, ya san wanda zai yi wa biyayya.

Da yake an mai da zaɓen komin ɗan rakiyar babban zaɓe, sai ya zama abin da ake ɗagewa duk lokacin da bai dace da lissafin manya ba. Wa'adin kansilolin 2004 shekara huɗu ne, amma sai 27 ga Disamba 2009 aka sake zaɓe, cikin rikicin tazarce, ƴan adawa suka ƙaurace. Ba a cika wata biyu ba Salu Jibo ya yi juyin mulki ranar 18 ga Fabrairu 2010, aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Waɗanda aka zaɓa a 2011 wa'adinsu ya ƙare a 2016, aka yi ta ƙara musu wata shida-shida da hujjar ana jiran sabon kundin masu zaɓe na zamani, har suka kusa shekara goma a kan kuri'ar shekara biyar. A 2017 gwamnati ta rushe majalisar birnin Yamai ta ɗora wakilan da ta naɗa. Waɗanda aka zaɓa a 2020 ba su kai ƙarshen wa'adinsu ba: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a dokar 4 ga Afrilu 2024 da ta rushe majalisun komin, na birane da na jihohi, aka sake naɗa kantomomi, sannan a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa gaba ɗaya. Cikin shekara ashirin, daga 2004 zuwa 2024, ba a taɓa samun majalisar komin da ta gama wa'adinta a kan kari ta miƙa wa wata zaɓaɓɓiya a ranar da doka ta sa ba.

Aljihun komin

Adalci ya sa a faɗi abin da ya ɗaure hannun magadan gari, domin ba duka laifin nasu ba ne. An ba komin aiki mai yawa da kuɗi kaɗan. Harajin kai, wanda a karkara aka daɗe ana biyan sefa 700, wato dala 140, ta hannun masu gari ake tara shi, kuma a shekarar da damina ta gaza ko matasa suka tafi cin rani, abin da ke shigowa ba ya kai abin da aka rubuta. Patanti da wasu haraji, ma'aikatan gwamnati ne ke karɓa su mayar wa komin kasonta, sau da yawa a makare. Hukumar ANFICT da aka kafa da dokar 2008 domin tallafa wa ƙananan hukumomi ta ɗauki shekaru kafin ta fara aiki. A Janairu 2016 gwamnati ta sa hannu kan miƙa wa komin fannoni huɗu, ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, amma kowane daraktan lakwal da kowane shugaban ɗakin shan magani ya san takarda ta riga kuɗi isowa.

Saboda haka kasuwa ce uwar komin, kuma a nan wannan yanki ya fi wurare da yawa sa'a. Badagishiri tana bakin kwaltar da ta tashi daga Tsarnawa zuwa Tawa, kasuwarta ta dabbobi da hatsi tana jawo fatake daga nesa. Galmi, a gundumar Malbaza, sunanta ya bi albasa har Abijan da Akara. Malbaza tana da masana'antar siminti, kuma ta zama gunduma a 2011. Birnin Ƙonni ƙofa ce ta Najeriya, ga gonakin rani da ke shan ruwan Magiya. Komin da ke da irin wannan arziki bai kamata ta rasa abin gyara rumfa, haƙa magudana, ko kewaye kara ba.

Inda ruwa ke zurarewa sananne ne ga duk wanda ke zaune a nan. Akwai tikitin da ake karɓar kuɗinsa ba a yaga ba. Akwai aikin karɓar kuɗin kasuwa da ake bai wa ɗan jam'iyya a matsayin ladan yaƙin zaɓe. Akwai babban ɗan kasuwa da ya ɗauki nauyin motocin kamfe, daga baya a ji nauyin tambayarsa haraji, ko a ba shi kwangilar aji ba tare da gasa ba. Akwai kuma kasafin da albashi, man mota da kuɗin zama ke cinyewa, alhali doka ta ce a ware kaso domin ayyukan raya ƙasa. Ɗan kasuwa yana cewa ba zai biya ba tun da bai ga aiki ba, magajin gari yana cewa ba zai iya aiki ba tun da ba a biya ba, shekara ta zagayo kowa na riƙe da hujjarsa, rumfa kuwa tana yoyo.

Dokar 2010 ta ba da makamin warware wannan. Ta tanadi majalisa ta zauna sau huɗu a shekara, ƙofa a buɗe ga jama'a, kuma mazaunin komin yana da ikon neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zama. Makami ne da ya yi tsatsa cikin kube. Ƙungiyar ƴan kasuwar da za ta iya tara mutum ɗari domin tarbar ɗan siyasa, ba ta cika tura mutum biyu su saurari zaman kasafi ba. Majalisar da jama'a ba su taɓa shiga zaurenta ba kuwa, ranar da aka rufe ta ba su san abin da suka rasa ba.

Maganar ƙasa

Bayan kuɗi, sai ƙasa. A 1989 wasu manoma na ƙasar Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a ƙarƙashin wani shiri na FIDA, suka dawo suka inganta dabarar tassa, wato haƙa ramuka a fako a zuba taki domin su riƙe ruwan sama. Cikin ƴan shekaru fakon da ba mai so ya koma gona, har aka shiga saye da sayar da shi. Duk inda ƙasa ta yi daraja, rigima na biye. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, kuma a matakin komin magajin gari ne aka ɗora wa shugabancin kwamitin. Rajistar gona, kare burtali da mashaya, yanka fulotai a bakin gari, duka suna bi ta teburinsa. Mutumin da ya sayar da kuri'arsa da sabulu ko turmin atamfa, watakila ya sayar da ita ga wanda zai sa hannu a takardar gonar ubansa.

Abin da ake gani a ƙetaren iyaka

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato tafiyar ƴan mintoci ce, kuma fatake sun san yadda abin yake a can. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, jama'a ke zaɓen shugaban kai tsaye, kuma akwai kaso da ke zuwa daga asusun tarayya kowane wata, abin da magajin garin Nijar bai taɓa samun kamarsa ba. Duk da haka gwamnonin jihohi sun daɗe suna riƙe kuɗin ta hanyar asusun haɗin gwiwa, suna naɗa kantomomi, kuma idan hukumar zaɓen jiha ta shirya zaɓe, jam'iyyar gwamna takan kwashe kusan dukan kujeru. Sai da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu kaɗai doka ta sani. Darasin a fili yake: yawan kuɗi da zaɓen kai tsaye ba su isa ba, muddin wanda aka zaɓa ya fi tsoron na sama da shi fiye da waɗanda suka zaɓe shi.

Aikin da ke gaba

Tun daga 2024 kantomomi ke riƙe da komin, kuma a cikinsu akwai masu ƙoƙari. Bambancin shi ne kantoma yana ba da bayani ga wanda ya naɗa shi, kuma jama'a ba su da ranar da za su ce masa ya isa. Tarihin da aka zayyana ya nuna akwatin zaɓe yakan tafi ya dawo: ya tafi a 1999 ya dawo a 2004, ya tafi a 2010 ya dawo a 2011. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ƴan kasuwa, shiri yana farawa da karɓar tikiti a duk abin da aka biya, da adana shi. Idan wakilan ƴan kara, ƴan hatsi, ƴan albasa da ƴan tasha suka riƙa rubuta abin da ɓangarensu ya biya kowace kasuwa, a ƙarshen wata suna da lissafin da za su aza kusa da na ma'ajin komin, ko kantoma ne a kujera ko zaɓaɓɓe. Ɗan takarar da zai zo gobe, da wannan lissafi za a tarbe shi, a tambaye shi rumfa nawa, rijiya nawa, cikin wata nawa.

Ga ma'aikata, nauyin ya fi haka. Malamin lakwal ne ke zama shugaban rumfar zaɓe, shi ke ƙirga ƙuri'u ya sa hannu. Sakataren komin da ma'aji su ke nan magajin gari ya zo ya tafi. Su suka iya karanta kasafin da aka rubuta da Faransanci, don haka su ne za su iya fassara shi da Hausa a rediyon gari ko a liƙa shi a ƙofar ma'aikata, domin mai tallan goro ya san abin da aka yi da dalarsa.

Ga masu rubuta dokokin gobe kuwa, buƙatu uku ne suka fito daga wannan tarihi: a ba zaɓen komin ranarsa ta kansa, nesa da zaɓen shugaban ƙasa, a hana ƙarin wa'adi sai da dalilin da kotu ta amince da shi, kuma duk aikin da aka miƙa wa komin, a miƙa shi tare da kuɗinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an bar masa tsani da yumɓu kafin a tambaye shi dalilin da bai gyara ba.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa, ya zaunar da ƙasar Nijar da maƙwabtanta lafiya.